Matiyu, Markus da Luka: Wa Ya Riga Rubutu, Wa Ya Ɗebo Daga Wa?

Markus, ɗaya daga marubutan Bishara, ya ce a Kafarnahum abin ya faru, wani gari a bakin Tekun Galili. An kawo wa Yesu shanyayye a kan shimfiɗa, ya ce masa an gafarta masa zunubansa, malaman Attaura da ke wurin suka ji maganar ta yi musu nauyi. Yesu ya fara ba su amsa, yana cewa domin ku sani Ɗan Mutum yana da ikon gafarta zunubi a duniya, sai jimlar ta tsaya cak ba ta kai ƙarshe ba. Marubucin ya tsoma baki da 'yan kalmomi nasa, cewa sai ya ce wa shanyayyen, sannan maganar Yesu ta ɗora: tashi, ɗauki shimfiɗarka, tafi gida. Buɗe Markus 2:10, ka sa yatsa a Matiyu 9:6, ka sa wani a Luka 5:24. Duk su ukun a wannan gaɓar suka katse jimlar, kuma duk su ukun irin wannan bakin suka tsoma.

Wanda ya taɓa aikin fassara ya san nauyin wannan. Yesu da Aramiyanci yake yi wa jama'a wa'azi, littattafan kuwa da Girkanci aka rubuta su. Ka ba ma'aikatan gidajen rediyo biyu jawabi ɗaya su mayar da shi Hausa, ma'ana za ta zo ɗaya, amma kalmomi da jerinsu sai sun saɓa. In ka ji sun zo daidai har a inda jimla ta karye aka ɗinke ta, ka san takarda ɗaya ce a gabansu. Akwai ma wani wurin: a Markus 13:14 da Matiyu 24:15, ana tsakiyar jawabin da Yesu ya yi da baki a kan Dutsen Zaitun, sai ga 'yar faɗakarwa cewa mai karatu ya fahimta. Masu sauraro ne a gabansa ranar nan. Mafi yawan masu sharhi suna ɗaukar faɗakarwar a matsayin bakin marubuci, ga ta kuwa a littattafai biyu, a wuri ɗaya.

Daga nan tambayar ta taso. Cikin littattafan Bishara huɗu na Sabon Alkawari, Yahaya yana bin hanyarsa shi kaɗai, da dogayen jawabai da labaran da sauran ba su da su. Ukun farko kuwa ana iya shimfiɗa su gefe da gefe a karanta tare, shi ya sa ake kiransu da kalmar Girkanci, sinoftik, wato waɗanda ake dubawa a jere. Markus shi ne mafi gajarta, ayoyi 661 a ƙirgen da aka saba. Matiyu ya haura 1,060, Luka ya haura 1,140. Kimanin ayoyi 600 na Markus suna da takwarorinsu a cikin Matiyu, kimanin 350 a cikin Luka, waɗanda ba a same su ko'ina ba sai a Markus ba su wuce 30 da 'yan kai ba. Sannan akwai wasu ayoyi sama da 200 da Matiyu da Luka suka yi tarayya a kai, Markus bai da su sam. Duk bayanin da za a kawo dole ya ɗauki kaya biyun nan tare.

Ga ɗan'uwa Musulmi mai karanta wannan, gara a bambance tun farko. Linjilar da Alƙur'ani ya ambata littafi ne da aka ba Annabi Isa. Waɗannan huɗu kuwa, a wurin Kiristoci kansu, labarin rayuwarsa da koyarwarsa ne da aka rubuta bayansa. A ƙasar Hausa ko wanda bai zurfafa a karatu ba ya san isnadi, wane ya ji daga wane. Littattafan Bishara ba su zo da irin wannan sarƙa ba, cikin nassinsu ma babu wanda ya ambaci sunan marubucinsa ƙarara. Sunayen huɗun tare sun fito fili ne wajen shekara ta 180, a rubutun Iraniyus, bishof na Liyon a Faransa ta yau. Saboda haka mai bincike sai ya koma ga matanin kansa ya nemi sawu.

Magabatan coci sun bar 'yan bayanai. Fafiyas, bishof na Hiyarafolis a Turkiyya ta yau, ya yi rubutu a farkon ƙarni na 2. Littattafansa sun ɓace, sai guntayen da Yusibiyus na Kaisariya ya tsakuro a ƙarni na 4. Fafiyas ya ce Markus tafintan Bitrus ne, almajirin Yesu, ya rubuta abin da ya tuna daidai amma ba bisa jeri ba, Matiyu kuma ya tsara zantuka da harshen Ibraniyawa. Wajen shekara ta 400, Agustin, bishof na Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake yanzu, ya kwatanta Markus da bara mai bin sawun Matiyu yana taƙaita shi. Wannan fahimta ta zauna sama da shekara dubu, kuma ta dace da jerin da kowa ke gani in ya buɗe Littafi Mai Tsarki: Matiyu ne a gaba.

A 1776 wani malamin Jamus, Johann Jakob Griesbach, ya buga littattafan uku a layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, abin da a da sai an yi ta juya shafi ya zama ana ganinsa da kallo ɗaya. Shi dai ya bar Matiyu a gaba, ya ce Luka ya biyo ya yi amfani da shi, Markus ya zo daga ƙarshe ya haɗa su biyun ya tace. Hujjarsa ba ta banza ba ce. A Markus 1:32 an ce da maraice, da rana ta faɗi. Matiyu yana da maraicen kaɗai, Luka yana da faɗuwar ranar kaɗai. Kamar dai Markus ya ɗauki ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, ya gwama. William Farmer ya farfaɗo da wannan ra'ayi a Amurka a 1964, har yau yana da mabiya, ko da yake ba yawa.

Abin da ya kayar da shi a wurin akasarin malamai shi ne halin littafin Markus kansa. Mai taƙaitawa rage magana yake yi, Markus kuwa a labari ɗaya-ɗaya shi ne ya fi kowa tsawaitawa. Labarin mai aljanu na ƙasar Garasinawa ya ci masa ayoyi 20, Matiyu ya gama shi a 7. Labarin 'yar Yayirus da matar nan mai zubar jini ayoyi 23 ne a Markus, 9 a Matiyu. Markus ne kaɗai ya ce ciyawar da mutum 5,000 suka zauna a kai kore ce, shi ne kaɗai ya ce Yesu yana barci a kan matashi a bayan jirgi. Sai ka tambayi kanka: mutum yana da Matiyu da Luka a gabansa, ya zubar da labarin haihuwar Yesu, ya zubar da wa'azin kan dutse, ya zubar da Addu'ar Ubangiji, amma ya sami wurin saka saurayin da ya gudu tsirara a daren da aka kama Yesu, da makahon Betsaida da bai gani sosai ba sai da aka ɗora masa hannu sau biyu, da dangin da suka fito su kama Yesu don ana cewa ya zautu? In ka juya lissafin sai komai ya zauna. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da marubuci na baya zai tsallake, waɗancan kuwa su ne zai so ya ƙara.

Haka ma maganganu masu kaifi. Markus 6:5 ya ce a garinsu Yesu bai iya yin wani aikin al'ajabi ba, sai marasa lafiya kaɗan da ya warkar. Matiyu 13:58 ya ce bai yi da yawa ba saboda rashin bangaskiyarsu. Tsakanin "bai iya ba" da "bai yi ba" akwai tazara. A cikin hadarin teku almajiran Markus suna tambayar Malam ko bai damu ba za su hallaka, na Matiyu kuwa roƙo suke yi Ubangiji ya cece su. Markus ya adana kalmomin Aramiyanci irin su talita kumi da iffata, sauran biyun ba su da su. Girkancinsa na mai ba da labari da baki ne, kalmar da ke nufin "nan da nan" ta maimaitu kusan sau 40. Ya fi sauƙi a yarda cewa na baya sun goge kaushi a kan a ce Markus ya ɗauki gogaggen rubutu ya mayar da shi mai kaushi da gangan. Wani malamin Jamus, Karl Lachmann, ya lura a 1835 cewa Matiyu da Luka da wuya su haɗu a kan jerin labarai in sun saɓa wa Markus. Weisse da Wilke, kowa da littafinsa a 1838, suka sa Markus a gaba, Holtzmann ya kafa ra'ayin da ƙarfi a 1863.

Hujjar da ni ta fi gamsar da ni ƙarama ce a ido. Wani malamin Sabon Alkawari, Mark Goodacre, ya tattara misalanta a 1998, ya kira ta gajiyar mai gyara. Mutum ya fara kwafe labari yana canza wani abu, da tafiya ta yi nisa sai hannu ya koma kan abin da ke cikin takardar asali. Hirudus Antifas, wanda ya sa aka kashe Yahaya Mai Baftisma, Romawa ba su ba shi sarautar sarki ba. Muƙaminsa na mai riƙe da yanki ne, kamar a ce hakimi. Markus sarki yake ce masa tun daga farko. Matiyu 14:1 ya gyara, ya ba shi muƙaminsa na gaskiya, amma a aya ta 9 sai ga shi ya ce sarki. Bai tsaya nan ba. Matiyu ya ce Hirudus ne da kansa yake so ya kashe Yahaya, amma da aka nemi kan Yahaya sai ya ce Hirudus ya yi baƙin ciki. Baƙin cikin yana da ma'ana a Markus, inda matarsa Hirudiya ce mai ƙullin, Hirudus kuma yana jin nauyin Yahaya yana kare shi. Luka ma ya yi irin ta. Ya mayar da ciyar da mutum 5,000 garin Betsaida a 9:10, ayoyi biyu bayan haka almajirai suna cewa a sallami jama'a domin nan wurin ba kowa, kamar yadda yake a Markus. Fassara takan iya lulluɓe irin waɗannan, a Girkanci suke fitowa sarai.

Wannan yana da sakamako a kan maganar Fafiyas. Matiyun da ke hannunmu yana bin Girkancin Markus kalma da kalma a wurare da dama, bai yi kama da littafin da aka fassaro daga Ibrananci ba. Ko labarin kiran mai karɓar haraji, wanda a al'ada shi ne marubucin, bin Markus ya yi, sai dai sunan Lawi ya koma Matiyu.

Zuwa nan mafi yawan malamai tafiyarsu ɗaya. Inda hanya ta rabu shi ne ayoyin nan sama da 200. Wasunsu sun yi daidai har abin mamaki. Wa'azin Yahaya Mai Baftisma a Matiyu 3:7-10 da Luka 3:7-9 kalmomi 60 ne da 'yan kai, waɗanda suka saɓa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ko dai ɗaya ya ga littafin ɗaya, ko kuma su biyun sun sha daga rijiya ɗaya.

Amsar da ta yi rinjaye tun ƙarni na 19 ita ce rijiya ɗaya: wani kundin zantukan Yesu da ya ɓace, wanda ake yi wa laƙabi da harafin Q, daga kalmar Jamusanci mai ma'anar tushe. B. H. Streeter na Oxford ya ba ra'ayin cikakkiyar siffa a 1924, ya ƙara da cewa Matiyu da Luka kowa yana da nasa tushen na daban. Dalilansu suna da ƙarfi. In Luka ya karanta Matiyu, me ya sa labarin haihuwar Yesu a wurinsu ya bambanta haka, ɗaya da masana daga gabas da gudu zuwa Masar, ɗaya da makiyaya da ƙidayar jama'a? Me ya sa salsalar Matiyu ta bi ta Sulemanu, ta Luka ta bi ta Natan? Me zai sa ya warware wa'azin kan dutse, surori uku cif, ya watsa guntayensa nan da can? Streeter ya ce sai murɗaɗɗen mutum ne zai yi haka. Ga kuma wuraren da Luka ne ya fi kama da na asali: Addu'ar Ubangiji a wurinsa ta fi gajarta, kuma inda Matiyu ya ce albarka ga matalauta a ruhu, Luka matalauta kawai ya ce. Da aka tono Bisharar Toma a Nag Hammadi ta Masar a 1945, zantuka 114 da Kibɗanci ba tare da labarin gicciye ba, masu Q suka ce ga shaida cewa irin wannan kundi ya wanzu. John Kloppenborg ya kai ga rarraba Q hawa uku a 1987, a shekara ta 2000 kuma wata tawagar malamai ta buga nassin da ta sake ginawa, aya bayan aya.

A nan nake ganin gini ya fi ƙarfin harsashi. Austin Farrer, limamin cocin Angilika a Oxford, ya yi tambaya mai sauƙi a 1955: kafin a nemo littafin da babu wanda ya taɓa gani, an tabbatar cewa Luka bai karanta Matiyu ba? Michael Goulder ya ɗora a kai a 1989, Goodacre a 2002. Babbar hujjarsu ita ce ɗaruruwan ƙananan wurare inda Matiyu da Luka suka haɗu suka saɓa wa Markus a cikin labaran Markus kansa, abin da bai kamata ya yawaita ba in ba su san juna ba. Da yawa ana iya cewa dacewa ce, mutum biyu sun gyara kaushi ɗaya ta hanya ɗaya. Amma akwai wanda ya ƙi wannan bayani. A daren shari'a, Markus 14:65 ya ce an rufe wa Yesu fuska ana dukansa ana cewa ya yi annabci. Matiyu 26:68 da Luka 22:64 duk sun ƙara tambaya ɗaya, kalmomin Girkanci biyar iri ɗaya: wane ne ya buge ka? Q kuwa, a faɗar masu ita, ba ta da labarin shari'a da gicciye ko kaɗan. Streeter ya ce masu kwafi ne suka shigar da kalmomin cikin Matiyu daga baya, sai dai ba a sami kwafin Matiyu da ba ya ɗauke da su ba.

Gajiyar mai gyara ma ta sake ɓullowa a nan. A Matiyu 25 maigida ya ba bayi uku dukiya, mai biyar ya ci ribar biyar, ya zama mai goma. A Luka 19 bayin goma ne, kowa da fam ɗaya, amma ranar lissafi uku kaɗai suka bayyana: na farko, na biyu, da ɗayan. Na farkon ya ci ribar goma a kan ɗayansa, sha ɗaya ke nan, amma sai aka ce a ba mai goma. Lissafin na Matiyu ne. Masu Q suna cewa ai Luka zai iya gajiya yana kwafe Q, kuma haka ne. Abin da Goodacre ya riƙe shi ne bai ga Matiyu yana irin wannan tuntuɓe a waɗannan ayoyi ba, kullum Luka ne.

Ban ce an rufe magana ba. Masu ra'ayin Farrer har yau suna shan wuya wajen bayanin yadda Luka ya yi da wa'azin kan dutse, amsarsu cewa ba ya son dogon jawabi a wuri ɗaya tana gamsar da wasu, ba ta gamsar da wasu. Akwai kuma 'yan tsiraru da ke cewa Matiyu ne na ƙarshe, shi ya ɗebo daga Markus da Luka, wanda hakan ke warware batun gajeriyar addu'a cikin sauƙi. Wasu suna tunatar da cewa mutanen nan suna riƙe da zantuka da ka, suna jin su a taron ibada, rubutu bai kashe ruwayar baki ba. A ma'aunina, rigayen Markus yana tsaye a kan hujjoji masu yawa da ke tallafar juna. Q kuwa zato ne mai daraja, wanda ya kamata a koyar da shi a matsayin zato.

Me ya sa duk wannan wahala? Na farko, ƙirgen shaidu. In labari ya zo a littattafai uku amma biyu daga na ukun suka ɗebo, shaida ɗaya ce, kamar yadda malaman hadisi ke lura in hanyoyi da yawa sun koma kan mai ruwaya ɗaya. Na biyu, wanda ya fi mini daɗi, shi ne ana ganin hannun kowane marubuci. Markus 7:19 ya yi sharhi cewa da wannan magana Yesu ya tsarkake kowane abinci. Matiyu, mai rubuta wa jama'ar da Attaura ke da girma a idonsu, ya kawo labarin ya bar sharhin. Ba ka ganin wannan zaɓi sai ka san abin da ke gabansa lokacin da yake rubutu. Kuma Luka da kansa bai ɓoye ba. A ayoyi huɗun farko ya shaida wa Tiyofilas, wanda ya rubuta wa littafin, cewa mutane da yawa sun riga shi tsara labarin, shi ma ya bi diddigi ya rubuta bi da bi. Cocin Katolika, wadda hukumarta ta nazarin Littafi Mai Tsarki ta dage a 1911 da 1912 cewa Matiyu ne farko, ta sassauta daga baya, yau malamanta da yawa Markus suke sawa a gaba.

Game da lokaci, akasari ana sa Markus wajen shekara ta 70, lokacin da sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin Urushalima, saboda yadda sura ta 13 ta damu da rushewar. Matiyu da Luka ana sa su tsakanin 80 da 90. Masu ganin sun riga haka suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni, ci gaban littafin Luka, wanda ya ƙare Bulus yana tsare a Roma ba a ambaci mutuwarsa ba.

Abin da zai iya yanke gardamar Q yana iya kasancewa a cikin yashin Masar. Tun 1897 wasu masu bincike biyu daga Oxford, Grenfell da Hunt, suka fara tono guntayen takardu a juji na tsohon garin Oksirinkus, wato Bahnasa ta yau, cikinsu har da wata warƙa ta zantukan Yesu da daga baya aka gane ta Toma ce. Dubbai suna nan a Oxford ba a gama karanta su ba. A 2018 aka fitar da wani ɗan guntu na Markus sura 1, wanda aka yi ta raɗe-raɗin na ƙarni na 1 ne, masu tantancewa suka sa shi a ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon na 3. Na Q ba a sami ko layi ɗaya ba, kuma masu musunta ta suna yawan faɗar haka. Masu ita suna amsawa da Markus kansa: cikin tsofaffin takardun ƙarni na 2 da na 3, kwafinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na Matiyu da na Yahaya, domin da Matiyu ya haɗiye kusan duk abin da ke cikinsa, masu kwafi sun rage nemansa. Kundin da littattafai biyu suka haɗiye gaba ɗaya, in ji su, ba wanda zai ɓata tawada a kansa.